Ayabar Ɗan Fari

Ni 'yar birnin Zariya ce, kafin aure ya kawo ni Suleja ban san ayaba ba sai a faranti, a kan masu talla. Ban taɓa tsayawa a ƙarƙashinta ba. Shi ya sa ranar da na fara zagayawa bayan ɗakunan gidan mijina, can inda ruwan wanka yake malala, na tarar da ita ta yi duhu kamar ƙaramin kurmi, sai na ja da baya. Ƙanin mijina, wanda yake tuƙa bas tsakanin Suleja da Abuja, ya kama ni ina leƙe.

"Matar Yaya, ki gaishe su mana. Mu ne fa."

Na ce, "Ku wa?"

Ya ce al'adar Inna ce, mahaifiyarsu, ta gado ta daga tsohuwarta. Duk ɗan da ta haifa, a nan bayan ɗaki ake binne mabiyiyarsa, ita kuma ta dasa ɗan ayaba a kai. Uwar ayabar ta yi nono a sare ta, 'ya'yanta su taso a gindin, haka abin yake tafiya shekara da shekaru, kowa da gindinsa. Doguwar nan, agade, ta mijina ce. Gajeriyar mai kauri kuwa tasa ce, ya ce ko a ayaba an san shi da taurin kai. Can gefe akwai wani fili da ba komai sai ciyawa, na tambaye shi na wane ne. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce na ƙanwarsu ne, tana ƙarama ta rasu, kuma a damina ɗaya suka tafi da ayabarta.

Na ce camfi ne. Ni 'yar malam ce, a gidanmu ko ƙaiƙayin tafin hannu ka fassara sai an yi maka wa'azi. Na faɗa masa haka da baki mai kaifi, don a lokacin bakina ba ya jiran izinin kowa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai direba ne.

Mijina soja ne, kuma shi ne ɗan farin Inna. Wanda ya san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, ya san abin da nake nufi. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa, in ya durƙusa gaishe ta sai ta amsa wa bango. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Ni ma ba na faɗin sunansa, don miji ne. Saboda haka mu biyu muka zauna a gida ɗaya da mutum ɗaya a ranmu, ba mai iya kiransa.

A tsakiyar shekarun casa'in aka tura rundunarsu wata ƙasa ta bakin teku inda ake yaƙin basasa. Ranar da zai tafi Inna tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Ya durƙusa ya ce, "Inna, zan tafi, a yafe mini." Ta ce, "Allah ya tsare," ba ta ɗaga kai daga faranti ba. Na ji haushinta ranar, har na ce a raina wannan tsohuwa dutse ta haɗiya.

Da farko saƙo yana zuwa ta bakin waɗanda suka dawo. Daga baya ya ɗauke. Na je bariki na tambaya, aka ce in yi haƙuri, in akwai wani abu za a sanar da mu. Rediyo kuwa kullum sai ta ce an yi artabu, ba ta faɗin su wa aka kashe. Na koma duk sallamar baƙon namiji a ƙofar gida sai in saki abin da nake yi in kasa kunne, sai na ji an ce mai gyaran bokiti ne sannan in koma aikina.

Ana cikin haka marka ta sauka. Ruwan Suleja ba irin namu ba ne, yini yake yi yana zuba, Dutsen Zuma ya ɓace cikin gajimare, tufafi su ƙi bushewa, takalmin da ka ajiye a lungu ya yi funfuna. Wata safiya na je zubar da ruwan wanke-wanke, idona ya sauka a kan ganyen ayabar mijina. Wasu 'yan zane-zane ne jajaye-jajaye, sirara, sun bi jijiyar ganyen kamar an ja su da tsinke. Ban ɗauke su a bakin komai ba. Bayan 'yan kwanaki suka yi baƙi, suka faɗaɗa, suka haɗe da juna, gefensu ya yi rawaya. Ganyen ƙasa ya bushe ya rataya a jikin uwar kamar tsumman da wuta ta lasa. Na juya na dubi ta ƙaninsa, tana nan kore shar, sai ɗigo nan da can.

Na tsuguna a cikin taɓo ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, ina gaya wa kaina camfi ne, rai a hannun Allah yake, ba a jikin ganye ba. Na san haka, har gobe na san haka. Amma idona ya ƙi barin filin nan mai ciyawa na yarinyar da ta rasu. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? Ni da na yi wa'azi a kan camfi? Abin da na sani kawai shi ne abin da kowace mace ta sani: abu in ya yi datti wanke shi ake yi. Da na juya ganyen na ga bayansa da wani fari-fari kamar an barbaɗa gari, sai na ce yauwa, ga funfunar da take cinsa. A kicin duk abin da ya yi wannan farin ya lalace ke nan. Don haka kullum bayan azahar, in Inna ta shiga ɗaki ta kishingiɗa, sai in ɗauki bokiti da soso da sabulu in zagaya. In kifa tsohon turmi in hau, in jawo ganye ɗaya bayan ɗaya in dirje shi ciki da baya, har farin nan ya fita tas, ganye ya yi sheƙi. Har sabon da bai gama buɗewa ba nakan zura hannu in wanke. Baƙin dai ba ya fita, amma ina sauka daga turmin nan sai in ji kamar na yi masa wani abu, shi da yake can.

Abin ya ƙi. Kullum gara jiya. Ciwon ya riƙa hawa daga ganyen ƙasa zuwa na sama, har waɗanda suka rage masu rai ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Abinci ya daina shiga bakina. In ina salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Na riƙa ganin mijina kwance a wani daji da ban sani ba, baƙin nan yana bin hannunsa yana hawa.

Akwai abin da na lura da shi ban tsaya na yi tunaninsa ba. Nakan bar turmin a gindin katanga, in dawo washegari in same shi a gindin ayaba. Wani lokaci in tarar da ganyen yana ƙamshin sabulun salo, ni kuwa ba da shi nake wanki ba. Hankalina ba ya jikina, na ce ko ni ce nake mantuwa.

Ƙanin mijina ne ya ga ramar da nake yi, ya zagaya ya ga dalili. Bai tsokane ni ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan, don mutumin da ba ya raga mini ya yi shiru. Wata ranar Asabar sai ga shi da wani fasinjansa, malamin gona, Bayarabe mai ƙaramar jaka a hammata, Hausarsa tana ɗingishi amma tana kai shi inda zai je. Ya gaida Inna, ya ce an ce masa ayaba ba lafiya. Inna ta ce ita ba ta aiki kowa ba, amma ta yafa mayafi ta biyo mu.

Kallo ɗaya malamin ya yi wa ayabar ya ce ya san ciwon. Ya ce daga kudu ya hauro, iska da ruwan sama ke ɗauke da shi, duk lambunan bakin rafi har hanyar Izom haka suke fama. Dangin funfuna ne, ƙwayarsa ba ta ganuwa. Ya ce agade ta fi kowace ayaba saurin kamuwa, gajeriyar nan kuwa irinta mai jurewa ne. Na ji numfashina ya ɗan dawo. Sai ya ƙara da cewa, "Amma wannan ta yi yawa. Ban ga wadda ya ci kamar wannan ba."

Ya kama ganyen gajeriyar ya juya bayansa, ya shafa yatsa, ya nuna mana farin da ya ɗebo.

"Mama, kin ga wannan? Ba datti ba ne o. Kaki ne, kamar na zuma. Allah ya yi wa ganye riga."

Ya ɗebi ruwa a tafinsa ya watsa, ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare, ganyen ko jiƙewa bai yi ba. Ya ce a bayan kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da yake numfashi da su, sun fi bakin allura ƙanƙanta, ta nan ciwon yake shiga. Amma ba ya iya shiga sai ruwa ya kwanta a wurin ya daɗe, ƙwayar ta tsiro ta lallaɓa ta sami ƙofa. In kakin yana da kauri, ruwa ba ya samun wurin zama. Ya ce sabon ganye, wanda yake naɗe bai gama buɗewa ba, shi ya fi rauni, don rigarsa ba ta yi ƙwari ba.

Daga nan ya juya ganyen ayabar mijina. Ya shafa, ba fari. Ya watsa ruwa, ruwan ya baje ya kwanta male-male. Ya kai ganyen hancinsa ya sansana, ya dubi turmin, ya dube mu.

"Wa yake wanke wannan?"

Na sunkuyar da kai don kunya da tsoro. Ta ƙasan ido na hango hannuwan Inna, ta cusa su cikin mayafi, amma kafin ta ɓoye na ga yatsunta sun yi fari sun tsattsage irin na wadda ta daɗe tana dirza da soso. Ashe ita da sassafe take zuwa, kafin in fito. Tsohuwar da gwiwa take hana ta tsayuwar salla, ita take hawa turmi. Ni in zo bayan azahar in ƙarasa abin da ta bari. Ganye bai taɓa samun yini ɗaya ya bushe ba, kuma soso ɗaya yake bin mai ciwo ya bi mai lafiya. Garin neman gira muka rasa ido.

Malamin bai matsa ba. Ya ce magani ɗaya ne a hannun talaka: a yanke duk ganyen da ya kamu, a haƙa rami nesa a binne, a rage 'ya'yan da suka cunkushe don iska ta ratsa, a kau da ruwan wanka daga gindin. Sannan a bar ta.

"Kada kowa ya taɓa ganye. Ko da ruwan Zamzam ne."

Ƙanin mijina ya ɗauko adda. Yana ɗagawa hannunsa ya tsaya a sama. Ya ce, "Inna, ni fa ba zan iya sa wa Yaya ƙarfe ba."

Inna ta ce, "Ayaba ce, ba mutum ba. A sare mana." Muryarta a bushe ta fito, amma ba ta miƙa hannu ta karɓi addar ba. Ba za ta iya ba. In ta hana, ta nuna ta damu da wancan a gaban baƙo. In ta yanka da hannunta, ta yanki ɗanta. Sai ta juyo ta dube ni, karo na farko da ta dube ni haka tun da aka kawo ni gidan.

Ni na yanka, da wuƙar kicin. Na hau turmin nan, na yi bisimilla, na kama ganye na farko. Ban san ayaba tana da ruwa haka ba. Ina yankewa ya riƙa ɗiga a hannuna da zanena, mai danƙo, mai sanyi. Kowane ganye ya faɗi sai in ji kamar wani abu ya faɗi a wata ƙasa. Ina yanka ina kuka ina cewa Allah ka sani ba shi nake nufi ba. Da na gama ba abin da ya rage sai ganye ɗaya da ɗan naɗaɗɗen da ke tsakiya, tsaye kamar tsinke. Washegari na ga inda ruwan ya ɗiga a zanena ya koma ja-baƙi kamar busasshen jini, wanki bai fitar da shi ba. Na cusa zanen a ƙasan akwati don ba na iya kallonsa.

Yankan bai kai barin ta haka nan wuya ba. Da ina da abin yi, yanzu an ce in naɗe hannu. Nakan zagaya in tsaya daga nesa, in ga sabon ganye yana warwarewa da farin nan a bayansa, hannuna yana ƙaiƙayi. Sau da yawa nakan tarar da Inna a can ta riga ni, hannuwanta a baya kamar mai gudun kada su ƙwace mata. In ɗigo ya fito a wani ganye sai ta ce, "Yarinyar nan, wuƙarki tana kusa?" In je in ɗauko. Ana cewa tsoro na daji, kunya ta gida, mu dai a bayan ɗakin nan duka biyun suka tare.

Da ruwa ya ɗauke ciwon ya lafa. Ganye ya riƙa fitowa yana daɗewa da korensa, har uwar ta fitar da ɗan nono, ƙanana dai, ba na nuna wa baƙo ba. Labari kuwa shiru. Na rasa wanda zan gaskata, ayabar da ta ce mijina yana raye ko barikin da ya ƙi cewa komai.

Gab da wata daminar mijina ya dawo. Da rana tsaka, ba sanarwa, sai sallama muka ji a zaure da muryar da na sani. Na fito da gudu ba ɗankwali. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, idanunsa sun faɗa, amma da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, na ƙirga su da ido. Ya durƙusa a gaban Inna. Ta ce wa bango, "An dawo lafiya?" sannan ta tashi ta shige ɗaki, muka daɗe ba mu gan ta ba.

Washegari ta sa na jiƙa wake, ta ce alala za a yi masa, don tun yana yaro yake sonta. Ta ce in yanko ganye a bayan ɗaki. Na ce na wacce? Ta ce, "Wadda ta fi kyau." Na gane. Na yanko daga tasa, lafiyayye mai faɗi, na kara shi a wuta ya yi laushi, muka ƙulla. Na kai masa a kwano da ganyen a jiki, ina jira ya tambaya in ba shi labari.

Yana buɗe kwanon tururin ganyen ya bugi fuskarsa. Na ga jikinsa ya sandare. Ya ture kwanon, ya fita da sauri ya yi amai a bakin rariya. Kafin in kawo ruwa ya ɗauki addar da ke jingine a zaure ya zagaya baya.

Ihuna ne ya fito da Inna. Muka same shi yana sara. Ayaba ba ta da ƙashi, sara ɗaya biyu take faɗuwa. Ya sare uwar da nononta, ya bi 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ruwansu yana fantsama a rigarsa. Na ce, "Maigida, taka ce! Taka ce fa!" Bai ji ni ba. Tsoron da na ji a duk watannin nan bai kai na wannan lokacin ba, don na tsaya ina jiran in ga ya yanke jiki ya faɗi a kan abin da ya sare. Inna ta riƙe damtsena har farcenta ya shiga namana.

Bai faɗi ba. Ya yar da addar, ya tsuguna yana haki. Can ya yi magana, ba tare da ya dube mu ba.

"Inna, a can ba likkafani. Da wannan ganyen muke naɗe su. Ni nake yankowa."

Na kama shi na kai shi ɗaki, ya kwanta da rigar a jikinsa, na zauna ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka har la'asar.

Da na fito na tarar da Inna a tsakar gida ta yi shirin fita, ga kwando a gabanta an rufe da tsumma. Na ɗaga gefen tsumman. Ɗan ayaba ne guda, bai fi tsawon hannu ba, ta tono shi da saiwarsa daga ƙarƙashin sararrun, addar ta tsallake shi. Ta ce za ta kai shi gonar ƙaninta a Chaza, inda wancan ba zai gan shi ba. Ta yunƙura za ta ɗauka, gwiwar ta ƙi.

Ni 'yar malam, mai wa'azi a kan camfi, na durƙusa na ce ta ɗora mini. Muka fita ta ƙofar baya muna sanɗa, kada ya farka.